Yadda Fikile Ta Cika Saba'in Tun Lokaci Bai Yi Ba

Duk wanda ya san Fikile mai gyaran gashi a unguwar Umlazi ta birnin Durban ya san rigimarta da kwandastan bas, don ita ce rigima ɗaya tak da na ga an kayar da ita. Ina wurin. Mun taso daga kasuwa da ledoji niƙi-niƙi, ƙaton ya ja ƙofa ya daka wa wani fasinja tsawa: "Kai, matsa ka ba Gogo wuri."

Fikile ta waiga baya, ta duba dama da hagu, tana neman kakar da ake nufi.

"Wace ce Gogon?"

"Ke mana. Hau a hankali, Gogo, kar ki zame."

"Ni na haifi uwarka? Buɗe idonka da kyau. Sisi za ka ce, yadda ake kiran yaya, in ba haka ba yau ni da kai ne."

Ta hau ta zauna, bakin kuwa bai zauna ba. Direba ya rage kiɗa don kar wani abu ya wuce shi. Fasinjoji suka rabu biyu, wasu na cewa ai girmamawa ce, wata mata daga baya ta ce ita ma haka aka fara mata. Da Fikile ta ga an ƙi ba ta gaskiya sai ta bubbuga rufin motar ta ce a tsaya, ba za ta ƙarasa tafiya da marasa tarbiyya ba. Aka tsaya. Ta miƙe da yanga, ta zura ƙafa ɗaya waje, sai gwiwar hagu ta ce ƙas, ta ƙage. Ba gaba, ba baya. Ƙarshenta kwandastan nan ne ya sungume ta kamar amarya, ya dire ta a bakin titi, ya miƙa mata ledojinta, ya rusuna ya ce, "Sauka lafiya, Sisi Gogo."

Ni ban sauka ba. Na riga na biya kuɗin mota, kuma dariya ta hana ni tashi. Ta daɗe ba ta yi min magana ba. Sunan kuwa yana nan har yau, sai dai a bayan idonta ake faɗa.

Ni Nomusa tare muka tashi da ita a Umgababa, inda kogi ke faɗawa teku. A lokacin bakin tekun cikin gari na Turawa ne, wannan shi ne namu, kuma mun more shi. Sauran yara a gefe suke fantsama, Fikile kuwa sai ta wuce inda igiyar ruwa ke karyewa, har kanta ya koma kamar ƙwallon goruba can nesa. Uwarta ta gaji da dukanta ta haƙura. Ta girma, ta auri wani mai aiki a tashar jiragen ruwa, ta haifa masa uku, ya rasu ya bar ta da su. Da kumfa da mataji ta raine su. Shagonta ɗaki ɗaya ne da madubi biyu, amma rabin furfurar Umlazi a hannunta ta ɓace, tata ce ta fara.

Na girme ta da shekara uku, haka muka baro Umgababa. Abin mamaki, muna ta tafiya tazarar tana ta buɗewa. Na waiga wata rana na ga na ba ta shida. Da na kai saba'in da uku, ita tana sittin da ɗaya. Bikin cika sittin kuwa sau uku ta yi shi, kowanne na je na ci kek na yi mata fatan alheri. Babbar 'yarta an hana ta faɗin shekarunta a gaban baƙi, don duk wanda ya yi lissafi zai ga Fikile ta haife ta tana 'yar shekara tara.

Ruwa dai ba ta bari ba. Kullum da sassafe, kafin ta buɗe shago, tana teku. Gwiwar da ke kunyata ta a tudu, in ta shiga ruwa lafiya lau take. Amma ƙungiyarmu ta manyan 'yan ninƙaya, na yi na yi ta ƙi shiga, saboda a bakin ƙofa ake tambayar mutum shekarar haihuwarsa.

Mu kuwa a can duniyar a kife take. Daga ashirin da biyar ake karɓar mutum, wai shi ma babba, daga nan a riƙa raba mu rukuni-rukuni, biyar-biyar. Mai sittin da tara ita ce abar tausayi, don da 'yan sittin da biyar take karawa. Ranar da ta shiga saba'in sai ta dafa abinci ta kira mutane, ta koma ƙarama a sabon rukuni. Ban taɓa ganin inda mata ke ɗokin tsufa ba sai a bakin tafkin nan. In kuma tseren karɓa-karɓa ne na mutum huɗu, shekarun duka huɗun ake haɗawa a ga inda suka faɗa.

A shekarar da nake ba ku labari mun shirya zuwa gasar duniya a Turai. Ni da saba'in da uku, Hettie van Wyk da ta yi ritaya daga gidan waya da sittin da tara, Saras Govender mai samosa da sittin da takwas, sai Merle da saba'in da huɗu. Mun haye ɗari biyu da tamanin, rukunin da tsofaffi irinmu ke da bakin magana. Ana cikin haka ɗan Merle ya zo ya kwashe ta zuwa Ostareliya wai ta huta. Muka rage mu uku da ɗari biyu da goma. In ba mu sami mai saba'in ba, sai mu gangara rukunin ƙasa, cikin 'yan sittin masu cinyoyi kamar na dawaki, su gama su yi wanka su sa kaya mu muna tsakiyar ruwa.

Na ce wa su Hettie na san wata, amma akwai namiji a maganar.

Sunansa Baba Shezi, tsohon malamin lissafi, mai jan waƙa a cocinmu. Ranar sabuwar shekara 'yan coci suka je bakin teku, ya naɗe wando zuwa gwiwa ya shiga yana yi wa mata bayanin yadda ake tarar igiyar ruwa. Ta farko ta kifar da shi, ta biyu ta ja shi. Fikile ce ta bi shi ta cafko bel ɗinsa ta jawo shi tudu, yana tari yana kiran uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Tun daga nan duk Asabar yana shagonta wai aski, mutumin da kansa yake kamar ƙwai. Shi kaɗai ke kiranta MaGumede, da sunan gidan ubanta, kuma in ya faɗa sai ka ga matajin ya kusa suɓuce mata.

To amma Baba Shezi ya yi jinyar matarsa ta fari har ya binne ta, kuma ya faɗa a gaban kowa cewa in zai sake aure sai wadda ya ba shekara biyar aƙalla. "Wadda za ta rufe min ido nake so, ba wadda zan rufe wa ba." Yana da sittin da shida. Fikile ta ce masa sittin da ɗaya. Lissafi ya fita daidai, malamin ya ji daɗi.

Muka same ta a shago tana shafa wa wata baƙin rini. Saras ta ajiye samosa mai zafi a kan tebur don a sassauta zuciya.

Na ce, "Fiki, mai saba'in muke nema."

"Allah ya ba ku. Ku gwada gidan tsofaffi."

"Ke nake nufi."

Ta dubi matar da ke kujera ta ce ta je waje ta sha iska, rinin ya kama. Sannan ta juyo.

"Nomusa, hassada ce za ta kashe ki. Don kin tsufa sai kowa ya raka ki?"

"Ina tsaye a ƙofar gidanku ranar da aka yi miki suna, ina lasar yatsa."

"Kina 'yar shekara uku me kika sani? Ƙanwata ce aka haifa."

"Ba ki da ƙanwa."

Hettie, wadda ba ta iya kwana-kwana ba, ta ce, "Fikile, ba wanda ke iyo kamarki a duk ƙungiyar. In ba ke, ba tafiya. Shekarar haihuwarki kawai za ki faɗa."

"Ko na faɗa ba ta yi muku amfani! Gasar a watan Agusta ce, ko ba haka ba? To ni sittin da tara nake, sai ashirin da tara ga Disamba zan..."

Ta kama bakinta. Saras ta tsaya da samosa a hannu. Don ta guje wa saba'in, ta amsa sittin da tara da bakinta, abin da ko limamin coci bai taɓa ji ba.

Hettie ta ce, "Su ba ruwansu da ranar haihuwarki. Shekarun da za ki cika kafin shekarar ta ƙare, su ake ƙirga miki tun daga Janairu. A wurinsu ke 'yar saba'in ce yau ɗin nan."

Fikile ta zauna daɓas a kujerar aski. "Wato takwas ɗin da na ɓoye ba su ishe ku ba, sai kun ɗora min wadda ban ci ba? Wace irin muguwar doka ce wannan? Maza ne suka yi ta, na rantse."

Na san ƙawata, na san inda ake taɓa ta. Na ja kujera kusa na ce, "Yi tunani. Rukunin daga saba'in ne zuwa saba'in da huɗu. Duk matan duniya da za su zo, wa aka haifa bayan ashirin da tara ga Disamba? Da ƙyar a sami ɗaya. Ke ce auta, Fiki. Kowa yayarki ce. Kuma ba ƙarya a ciki."

Ta dubi madubi. Ta gyara gashin goshi. Ta ɗauki samosa.

"Auta?"

"Auta."

"To. Amma Baba Shezi kar ya ji. Wadda ta faɗa masa, ni zan rina mata gashi da kaina, kuma kore zai fito."

Muka rantse. Aka yi ta horo, ta koyi yadda ake jira sai hannun 'yar'uwa ya taɓa bango kafin a faɗa, tana ƙorafin cewa ruwan tafki ba shi da ɗanɗano.

Ana saura kaɗan mu tashi Hettie ta haɗa gashin nama a gidanta na unguwar Bluff don sallama, ta ce tana da abin mamaki. Ta buɗe kwali, sai ga riguna huɗu, a bayan kowacce an buga 280 da manyan lambobi, kowacce ta kai tafin hannu. Ita a ganinta ba ta faɗi shekarun kowa ba. Ta manta wa aka gayyata.

Baba Shezi yana tsaye da faranti ya gyara tabarau. "Wannan lambar ta mece ce, 'yan mata?"

Na buɗe baki in ce lambar jirgi ce, Saras ta riga ni. "Shekarunmu ne mu huɗu, Baba! Ba ka ga mun yi ƙoƙari ba?"

Mu ukun kuwa duk Durban ta san shekarunmu, don ba ma gaisawa da mutum ba mu faɗa masa ba. Na ga leɓensa na motsi. Saba'in da uku, sittin da tara, sittin da takwas. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gaban allo, wannan ai ko alli ba ya buƙata. Ya dubi Fikile. Ya ajiye farantin a hankali, da naman da komai, ya ce yana da gwajin waƙa. Ranar Asabar bai je aski ba. Filin jirgi ma bai zo ba.

A jirgi ba ta ci komai ba. Ban taɓa ganin Fikile ta yi shiru haka ba, har na ji ba daɗi, na ba ta wurin taga.

Garin da muka sauka wai lokacin zafinsu ne, mu kuwa da rigunan sanyi muke yawo. Amma ɗakin canza kaya, nan ne makaranta. Tsofaffin mata daga kowace ƙasa, fata ta yi wa kowa yawa, babu mai ɓoye komai, kowa na tambayar kowa shekaru kamar ana tambayar lafiyar gida. Rana ta biyu wata 'yar Japan mai casa'in da ɗaya ta shiga ruwa. Mutum biyu suka rako ta bakin tafki, amma da ta faɗa sai ta miƙe sumul. Kafin ta taɓa bango duk zauren ya tashi tsaye ana tafi. Na waiga na ga Fikile tana tafi har da share ido. Ta ce sinadarin ruwan ne.

Ranar tserenmu muna layi, wata doguwar Bajamushiya daga wata ƙungiya ta ƙura wa Fikile ido, ta je ta kira alƙali tana nuna ta tana faɗa. Hettie ta saurara ta ce, "Wai ƙara take kaiwa. Ta ce wannan ba ta kai saba'in ba, mun yi maguɗi."

Fikile ta dafa ƙirji. "Me ta ce? Maimaita."

Hettie ta maimaita.

"Sake faɗa, a hankali."

Alƙalin ya duba abin da zai duba ya ce komai daidai ne, ita ce mafi ƙanƙanta a rukuninta amma ta cika ƙa'ida. Fikile ta je ta rungume Bajamushiyar nan, matar ta rasa laifin da ta yi.

Saras ta fara, ni na bi, Hettie ta karɓa, Fikile ta rufe. Lokacin da ta faɗa ruwa muna na bakwai cikin takwas. Ta wuce ɗaya, ta wuce ta biyu dab da bango. Na biyar muka zo, muka yi ihu kamar mun ci kofin. Da ta zo fita gwiwar ta yi halinta, wani ma'aikacin wurin ya miƙa hannu ya ɗago ta. Ta dafa kafaɗarsa ta ce masa da harshenmu, "Na gode, ɗana. Ka taimaki Gogo." Bai ji ba, ni na ji, kuma ban bari ta manta ba.

An yi bikin aurenta da Baba Shezi ranar ashirin da tara ga Disamba, kek ɗaya ya yi aiki biyu, an rubuta saba'in a kansa ɓaro-ɓaro. Amma kafin a kai can sai da aka yi wata rigima a harabar coci, Lahadin farko bayan dawowarmu, a gindin bishiyar da mata ke sayar da fankenmu da ake kira amagwinya. Fikile ta zo da rigar nan mai lamba a kan kayan cocinta, ta juya wa duniya baya kowa ya karanta. Baba Shezi ya tako, ya rame kaɗan, gefen kansa ya yi 'yan tsirarun gashi na rashin aski.

"MaGumede, ina da magana."

"Ina ji, Baba."

"Shekara talatin ina koyar da lissafi, ba yaron da ya taɓa cuta ta da ko ɗaya. Ke kin cuce ni da tara."

"Takwas. Ta taran ba ni na ci ba, ɗora min aka yi."

"Kin girme ni da huɗu!"

"Uku da 'yan watanni."

"A dokarku ta ruwa huɗu ne. Na bincika!"

Wata daga cikin masu tuya ta ce, "Kai, Baba, har bincike ka yi? Ashe abin na ranka." Mutane suka fara taruwa, suka rabu biyu kamar ranar bas. Wani dattijo ya ce ƙarya ƙarya ce. Matarsa ta ce ya yi shiru, haƙoran da ya aure ta da su ma ba nasa ba ne.

Baba Shezi ya sassauta murya. "Ba tsufan ba ne, MaGumede. Na faɗa miki tun farko. Na binne ɗaya, ba zan iya binne ta biyu ba. Ina son wadda ƙarfinta zai kai ta riƙe ni in na faɗi."

Fikile ta miƙa min jakarta, alamar za a yi aiki. Ta matsa har tabaransa ya kusa taɓa goshinta.

"Ranar da ka faɗi, Baba Shezi, ruwa na jan ka kana kiran uwarka, 'yar shekara nawa ce ta riƙe ka? Bakin tekun nan cike yake da 'yan sittin, duk suna tsaye suna riƙe da takalma. Je ka zaɓo ɗaya, ban hana ka ba. Amma ka fara jefa ta teku ka ga ko za ta dawo, don ni ba na tsamo mijin wata."